Kafaɗun Adigun

Iya Rolake ba ta yarda da kafaɗun yaron nan ba tun ranar da danginsa suka zo gabatar da kansu. Mace ce da ta tsufa tana sayar da ashoke, saƙin Yarbawa, a kasuwar Iseyin, ta san yadda tufa ke zama a jikin mutum, ta kuma san yadda take zama a jikin ƙusa. Babbar rigar da Adigun ya sa ran nan ta tsaya cak a kafaɗa, faɗi guda, amma wuyan da ya fito daga cikinta ba na mai irin wannan kafaɗa ba ne. In ya ɗaga hannu zai karɓi ruwa, sai agogonsa ya sulale ya nufi gwiwar hannu. Matan gida suna ta yaba saurayin 'yarta Rolake, wai ga tsawo ga kunya. Ita kuwa gefen goshinsa take kallo, inda naman wurin ya lotsa.

Kuma ba baƙo ba ne a wurinta balle a ce mata haka Allah ya yi shi. Ɗan gidan masaƙa ne, a hannun ubansa ta yi shekaru tana sarin kaya. Ta san shi tun yana zama a rumfar saƙa ba riga, yana jefa ƙoshiya, damatsansa kamar an cusa masa doya. Daga baya ya tafi Ibadan ya buɗe shagon kayan babur, a can suka shirya da Rolake, wadda ke koyarwa a wata firamare. Mutum yakan rame a Ibadan, wannan ba labari ba ne. Amma wanda wahala ta ramar, har da kafaɗarsa yake ramewa, ba ya barin ta a baya.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne gaisuwar. Da aka ce samari su gaida manya, Adigun ya kwanta rub da ciki yadda kowane ɗan halak yake yi a gaban surukai, ƙirji da haɓa a ƙasa. Abokansa biyu suka kwanta tare da shi, ɗaya dama ɗaya hagu, sun matse shi sai ka ce falon ba fili. Da za su tashi, ta ga hannayensu sun ɓace a cikin rigarsa, su ukun suka miƙe tare. An yi abin da sauri, an kuma yi shi da gwaninta, irin gwanintar da ba a samu sai an sha gwadawa. Ba wanda ya lura sai ita.

Ta lura ne don ta taɓa gani. Mijinta, Baba Rolake, ciwon hanta ne ya kashe shi, kuma bai kashe shi da gaggawa ba. Da fari hannuwansa ne suka tsotse, sai cinyoyi, cikin kuma ya yi ta girma har 'yan kasuwa suna yi masa barka da samun duniya. Daga baya ƙashin ma ya daina riƙe shi. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, wani abu ya ce ƙas a bayansa, tun daga nan bai sake miƙewa sosai ba. Ita ta riƙa ɗaga shi, ita ta riƙa kwantar da shi, a bayanta yake zuwa bayan gida, mutumin da a da yake ɗora wa kansa buhun garin rogo ba mai taya shi. Ƙuruciyarta a wannan ɗakin ta ƙare. Ranar da aka binne shi ta yi kuka na gaske, ta kuma yi wa kanta alkawari cewa 'yarta tilo ba za ta ɗanɗani wannan rayuwa ba, ko da garin duka zai taru ya zage ta.

Bayan baƙi sun watse ta tare Rolake a wurin wanke-wanke.

"Yaron nan naki, lafiyarsa ƙalau?"

"Wane yaro, Maami? Mutum da gemunsa."

"Kar ki mayar da ni abokiyar wasanki. Na ce lafiyarsa ƙalau?"

Rolake ta ci gaba da ɗauraye kwanuka, ba ta juyo ba. "Shago ne ke cin sa, ba ya zama ya ci abinci. Ku bari in shiga gidan ku gani, sai an faɗaɗa masa ƙofa."

"Waɗancan biyun da suka manne masa kamar kaska fa?"

"Abokansa ne tun na yarinta. Ku dai Maami, ko mala'ika aka kawo muku sai kun ɗaga fiffikensa kun duba."

Tausayin 'yarta ya kama Iya Rolake. Yarinya ce, so ya rufe mata ido, an ce mata wahalar shago ce ta yarda. Lokacin da ubanta ke jinya tana 'yar makaranta, korar ta ake yi waje in za a gyara shi. Ina za ta san kamannin abin?

Shi zargi in ya shiga zuciya ba ya zama wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo, Iya Rolake ta fara ganin alama a ko'ina. Me ya sa dangin yaron suke gaggawar a sa rana? Me ya sa duk abin da gidan amarya suka nema aka ce to, ba musu ba ja-in-ja? Masaƙan nan ta san su, a kan zare ɗaya sai a wuni ana ciniki da su. Da ta bi ta rumfar Baba Adigun, uban yaron, za ta ɗauki kaya, tsohon ya tashi da kansa ya share mata benci, ya aika a sayo mata lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba tun da suke tare. Ta ce masa ta ga ɗan nasa ya ɗan faɗa. Ya ce ai zaman birni ke nan, ya sunkuya yana neman wani zare da bai tsinke ba.

Sai ta gayyaci Adigun cin abinci. A saninta, mai ciwon hanta ba ya kusantar nama, ba ya cin ƙwai, ba ya shan mai. Haka kowa ya gaya mata a lokacin mijinta, haka kuma ta yi masa har ƙarshe: koko da safe, koko da yamma, sai agbo, tsimin saiwoyin da ake kawo mata daga ƙauye. Don haka ta tuƙa amala, ta yi ewedu, wato miyar lalo, da miyar wake, ta cika kwano da naman akuya da busasshen kifi da dafaffen ƙwai, ta zauna a gabansa ta zuba ido. In ya ture naman, ta kama shi.

Adigun ya ci naman. Ya ci kifin, ya ci ƙwan, amalar ce ma ya ɗan taɓa ya bari. Yana ci yana santi, wai tun da uwarsa ta rasu bai sha miyar wake irin wannan ba. Kunya ta fara kama Iya Rolake. Har ta soma tunanin ko dai tsufa ne ya sa take ganin mijinta a fuskar kowane siririn namiji.

Amma da ta zuba masa agbo a kofi, ta ce na ƙarfin baya ne, kowane namiji yana sha, sai ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a gefen kujera, har aka kwashe kwanuka bai kurɓa ba. Da zai tashi kuma, kujerar gajera ce, ya dafa gwiwoyinsa ya yunƙura bai tashi ba, sai da ya kama ƙyauren ƙofa.

"Ɗana," ta ce, "ga ƙunshin kaya can a saman akwatuna, ɗan sauko min da shi, bayana ba ya so."

Kafin ya ɗaga ƙafa Rolake ta riga ta haye kujera. "Haba Maami, baƙo za ku sa aiki? Sai a ce gidanmu ba tarbiyya."

"Adigun," in ji Iya Rolake, tana kallon tsakiyar idonsa, "in akwai abin da ke damun jikinka, gaya min. Ni uwa ce."

Ya buɗe baki. Za ta iya rantsewa ta ga maganar ta zo har leɓensa. Sai ya kalli Rolake da ke tsaye a kan kujera da ƙunshi a ka, ya sunkuyar da kai.

"Jiki da jini ne, Mama. Mun gode Allah."

Wannan kallon ya gama mata komai. Tsoro yake ji kar yarinyar ta ji ta fasa. Macuci ne, in ji zuciyarta, macuci mai ladabi, kuma irinsu sun fi kowa iya cuta.

Ashoken da ango da amarya za su sa ita ta zaɓe shi da hannunta, ruwan goro mai ratsin zinariya, don haka ba wanda zai yi mamaki in ta leƙa shagon Baba Lamidi tela ta ga inda ɗinki ya kwana. Ta same shi yana cin ƙosai. Rigar angon na rataye, ta kai hannu ta matsa kafaɗar. Soso ne, an ɗinke shi a ciki an rufe da shafi. A ƙarƙashinta ga 'yar ciki, ita ma an cusa mata soso a ƙirji da damtse.

"Lamidi, katifa ka koma ɗinkawa?"

"Yayi ne, Iya. Yaran yanzu kowa so yake a ce ɗan dambe ne."

"Tun kana yaron shago kake min ɗinki. Kalle ni ka ce yayi ne."

Ya goge man ƙosai a gefen wandonsa, ya ƙi kallon ta. "Ni ɗinki aka kawo min, ba a kawo min labari ba. Na auna, na yanka, na ɗinka. Abin da tef ɗin awo ya gani, tsakaninsa da Allah."

Daga nan ta wuce gidan yayan mijinta, Baba Agba, wanda zai zauna a mazaunin uba ranar biki. Ya saurare ta yana sakace har ta gama.

"An sa rana," ya ce, "an sayi saniya, an raba anko, sannan ki zo min da maganar soso? Iya Rolake, in kaɗaici kike tsoro ki faɗa, a samo miki 'yar riƙo a dangi. Kar ki sa a ce bazawara ta hana 'yarta aure don ta rasa mai yi mata wanke-wanke."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don ta san abin da garin zai faɗa ke nan. Bakinta kaɗai ba zai tsayar da auren nan ba. Sai an gani da ido, a gaban kowa, yadda dangin yaron ba za su sami bakin musu ba, yadda ita ma Rolake dole idonta ya buɗe.

Shi ya sa ta nufi wurin Anti Bimpe, alaga, wato matar da gidan amarya suka ɗauka ta jagoranci bikin. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata, bakinta ya fi reza, kuma ba abin da take so a duniya irin ta ga ango mai ji da kansa yana birgima a ƙasa.

"Abu ɗaya nake so," in ji Iya Rolake. "In sun gama kwanciyarsu ta taro, ki kori abokan. Ya kwanta shi kaɗai, ya tashi shi kaɗai."

"Ai dama akwai ta shi kaɗai, ba sabon abu ba ne. Su ne dai suka aiko suna roƙona in yafe masa ita, wai gwiwarsa ke ciwo, ya faɗi a babur."

"Ashe. Kin amsa musu?"

"Na ce zan duba." Anti Bimpe ta karkata kai tana kallon ta. "Me yaron ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba. So nake in ga ƙarfin wanda zan ba 'yata."

"In dai wannan ne, bar ni da shi. Sai ya share miki ƙofar gida da haɓarsa."

A hanyar komawa gida bayan mijinta ya faɗo mata a rai, da butar nan, da ƙarar da ta ji. Ba za a ce ba ta sani ba, ta fi kowa a garin sanin abin da ciwon ke yi wa ƙashi. Amma ta ce wa kanta ai wannan yaro ne, iyakarta ya kasa tashi a yi masa dariya, kuma gara ya ji kunyar wuni ɗaya da 'yarta ta ƙare rayuwarta tana goyon ƙato. Ta kori tunanin, ta tsaya ta sayi barkono.

Ranar biki aka kafa rumfuna a ƙofar gida, dangin amarya a gefe ɗaya, na ango suna fuskantar su, a tsakani fili ne na siminti. An jera doya, ga zuma, ga gishiri da goro da akwatin kaya, masu kalangu sun fara tun hantsi. Rolake na can cikin ɗaki a lulluɓe, ba ta fitowa sai an gama da ango an kira ta. Iya Rolake na zaune kusa da Baba Agba, gwaggwaronta ya kusa taɓa rumfa.

Adigun ya shigo da rawa a tsakiyar abokansa, kafaɗa faɗi guda kamar gaske. Anti Bimpe ta tare su da makirufo a hannu.

"Ku tsaya nan. Su wa nake gani haka, 'yan karɓar haraji?"

"Masu roƙo ne, Mama," in ji abokan.

"Roƙo a tsaye? Haka ake yi a Ibadan? To nan Iseyin ce, ƙasarmu tana son ganin fuskar baƙo kusa-kusa."

Aka yi dariya. Samarin suka zube gaba ɗaya, biyun nan na manne da shi, suka tashi. Anti Bimpe ta ce ita ba ta gani ba, tana gyara ɗaurinta. Suka sake kwanciya. Wannan karon Iya Rolake ta ga yadda Adigun ya tsaya yana mayar da numfashi, zufa na bin wuyansa tana shiga rigar.

"Madalla. Yanzu 'yan rakiya a koma gefe."

Samari suka ja da baya, biyun suka ƙi motsi.

"Ku fa? Ku ma ita za ku aura? 'Yarmu ɗaya ce, ba ma ba ƙungiya aure. A koma."

Ɗayansu ya matso ya yi mata raɗa. Ta ɗaga makirufo ta juya ga taron. "Jama'a, wai gwiwa. Wai angonmu gwiwarsa ke ciwo. Ɗana, tun ba a kai amarya ɗaki ba gwiwa ta ƙare? To mu mayar da 'yarmu makarantarta mana."

Wurin ya kece da dariya, masu kalangu suka cafe maganar suka riƙa maimaita ta da ganga. Baba Adigun ne kaɗai Iya Rolake ta ga bai yi dariya ba. Ya yunƙura kamar zai yi magana, ya koma ya zauna, don wanda ya zo roƙo ba shi da baki a rumfar surukai.

Adigun ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili. Bai kalli Anti Bimpe ba, Iya Rolake ya kalla, ta kuma gane ya san inda abin ya fito. Ba ta ga fushi a idonsa ba, kuma wannan ya fi komai ba ta haushi. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ta ce an yafe, ya zo ya zauna. Ta damƙe maficinta ta yi gum.

Ya tattare rigarsa, ya sunkuya, ya miƙa hannuwa zuwa ƙasa. Mai lafiya hannuwansa ke karɓar sa su sauke shi a hankali. Nasa ba su karɓe shi ba. Na dama ya lanƙwashe, ya tafi gaba ɗaya ya bugi simintin da ƙirji. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara, kalangu ma ya kusa rufe ta. Iya Rolake ta ji ta sarai, don kunnenta ya san ta.

A kwancen, fuskarsa a ƙasa, ya ce da muryar da kujerun gaba suka ji, "Baba, Mama, roƙo na zo. Ku ba ni Rolake."

"Mun ji," in ji Anti Bimpe. "Ka biya, ɗan albarka. Tashi."

Bai tashi ba. Mutane suka ɗauka salon roƙo ne, wata ma har ta rangaɗa guɗa. Ya jawo gwiwa ɗaya, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya ɗago kaɗan, ya koma. Soson kafaɗa ɗaya ya goce ya hau bayan wuyansa, rigar ta zame, ga ainihin kafaɗar a fili, ƙashi da fata. Dariyar ta riƙa mutuwa daga kujerun gaba zuwa na baya, masu kalangu suka sauke hannu. Baba Agba ya juyo ya kalli Iya Rolake. Abin da ta yi ta nema ke nan, ga shi an ba ta a gaban gari, amma ba ta ji daɗin komai ba.

Sai ga Rolake. Ba wanda ya kira ta, ba lulluɓi, ba takalmi, ta ratso ta cikin mata ta durƙusa a kansa. Abokan sun riga sun kama hannuwansa za su ja.

"Kar ku ja shi ta hannu," ta ce, ba da ihu ba. "Na sha gaya muku, ta ƙugu. Kai, tallafo ƙirjinsa, a hankali, haƙarƙarin ne. Adigun, kar ka motsa hannun, bar shi a cinyata." Ta zare gyalenta ta naɗe wuyan hannun, wanda ya riga ya karkace ya fara kumbura. "A kawo mota bakin rumfa. Jakar magungunansa tana ƙarƙashin kujerar direba, kar a cire ta."

Iya Rolake na zaune, kowace kalma tana shiga kunnenta. Yarinyar da ta yi ta tausaya wa don ba ta san komai ba, ita ce ke wannan magana.

A asibiti aka ɗora hannun, hoto kuma ya nuna haƙarƙari ma ya tsage. Iya Rolake ta zauna a benci a baranda, da gwaggwaronta da sarƙoƙinta. Ƙofar ɗakin a buɗe take, tana jin 'yarta tana yi wa likita bayani ba gargada: tun yaushe aka gano ciwon, wane magani yake sha kullum, yaushe aka yi masa hoton ƙashi a Ibadan aka ce ya yi rauni. Likitar, wata siririya mai tabarau, ta ce ai haka ciwon yake, in hanta ta gaji sai jiki ya koma cin tsokarsa, ƙashi kuma ya riƙa zama fanko ta ciki ba a sani ba sai ranar da aka faɗi. Ta tambaya ko yana cin abinci yadda aka ce masa. Rolake ta ce yana ci, wake, ƙwai, kifi, nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Likitar ta ce yawwa, kar wani ya zo da tsohon zance ya ce a hana shi nama a ɗora shi a kan koko, wannan shi ke ƙarasa su da wuri.

Iya Rolake ta runtse ido. Ba da ita ake ba, likitar ba ta ma san tana wurin ba.

Can Rolake ta fito, kwalliyar fuskarta ta caɓe. Ta tsaya a gaban uwarta, ba ta zauna ba.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Iya Rolake.

"Tun kafin maganar aure. Ni na ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa na ce mu je gwaji. Ni ma an gwada ni, ba ni da shi, an yi min rigakafi."

"Soson fa?"

"Ni na kai wa Baba Lamidi. Ni na koya wa abokansa yadda za su ɗaga shi. Shi tun farko ya so ya gaya muku, ranar da kuka yi masa amala ma saura ƙiris. Ni na hana shi."

"Ni kika ɓoye wa. Ni da na haife ki."

"Ku muka ɓoye wa, Maami."

"Ba ki san abin da kike shirin shiga ba. Ke da ake kora waje lokacin ubanki."

"Ana korata, ina komawa bayan taga. Na ga komai. Na ga kuna goya shi. Na ga ranar da kuka ajiye shi kuka zagaya bayan ɗaki kuka cusa zane a baki don kar ya ji kukanku." Ta share hanci da bayan hannu. "Yanzu akwai magani, ba kamar lokacin Baba ba. Likitansa bai ce zai warke ba, bai kuma ce gobe zai mutu ba. Zai iya daɗewa a kan ƙafarsa. Zai iya kuma zama yadda kuka sani. Duk na duba."

"To don me? Maza sun ƙare ne a duniya?"

"In tambaye ku abu ɗaya, ku gaya min gaskiya," in ji Rolake. "Da kun san yadda Baba zai ƙare tun kafin a ɗaura, da kun aure shi?"

Amsar da ta dace tana nan kusa, kowace uwa ta san ta, kuma da ta faɗe ta da watakila 'yarta ta zauna kusa da ita a bencin. Amma Iya Rolake ta gaji, kuma ba ta taɓa iya ƙarya ba, ko a ciniki.

"Da ban aure shi ba," ta ce.

Sai da maganar ta fita ta tuna wa take gaya wa. Rolake ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka tabbatar wa abin da ta daɗe da sani.

"Shi ya sa ban gaya muku ba," ta ce. "Liman zai zo bayan la'asar, a nan za a ɗaura. Baba Agba ya ce tun da na ji na gani, shi ba zai hana ba. In kuna so ku tsaya, ku tsaya. Amma kar ku shiga wurin Adigun yanzu. Numfashi ma ciwo yake masa, kuma na san halinsa, in ya gan ku sai ya ce zai sauko ya gaishe ku."

Ta juya ta koma ciki. Iya Rolake ta ɗan zauna, sai ta kasa, ta miƙe ta bi ta har bakin ƙofa. Ta hango shi a kan gado, an cire masa rigar, bai kai rabin wanda ya shigo da rawa ɗazu ba. Ya gan ta. Nan da nan hannunsa mai lafiya ya fara laluben ƙarfen gadon, ƙafa ɗaya ta zuro ƙasa. Ta ja da baya da sauri yadda ba zai gan ta ba, ta koma kan bencin ta zauna.